Uwargida a Ƙasar Benin: Baƙo Ya Iya Bakinsa

Idan fatauci ya tsallaka da ke daga Tsamiya zuwa Segbana, ba za ki ji baƙunta ba, ga masallaci, ga masu jin Hausa. Sai kin gangara kudu za ki sha mamaki. A garin Wida akwai ɗakin tsafin mesa, har rataya ta ake a wuya, kuma kowane Janairu garin kan cika maƙil da masu bikin Vodun.

Kada firgita ta sa ki tsaki ko zagi. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin bautarsu, gudun kada su zagi Allah. Ki tafi da muharrami, ki sauka Zangon Kwatano, ki riƙe sallarki ta ƙasaru.

Allah Ya kiyaye hanya, amin.