Famfara: Haƙorin da Ya Faɗi da Waɗanda Aka Manta

Idan yaro ya fara famfara, yawanci yana ɗan shekara 6, hankalin uwa kan tattaru a kan giɓin nan na gaba. Ta ga ɗan jini ta tsorata, ta ga haƙorin babu saiwa ta yi mamaki. Babu abin fargaba. Haƙorin dindindin da ke tasowa daga ƙarƙashi shi ya sa saiwar ta narke sannu a hankali, kuma haka haƙoran nono 20 za su yi ta zubewa har wajen shekara 12.

A ganina, ba giɓin ne ya fi cancantar kulawar iyaye ba. A daidai wannan lokaci turame huɗu na dindindin kan ɓullo can ƙuryar baki, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa sukan ɗauka na nono ne, sai a bar alawa da lemon kwalba su ruɓar da su, wai ai za su zube. Alhali idan aka cire su, wasu ba za su tsiro ba.

Ɗalibi mai ƙane a wannan shekaru ya duba bakinsa, ya ƙirga daga tsakiya, har da giɓin: na shida shi ne. A riƙa goge shi safe da dare.