Tsadar fetur: Ajiye mota ba a hawa ma yana cin kuɗi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, motoci da yawa suka zama 'yan zaman gida. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa suka lulluɓe motocinsu da tamfol, suka koma hawa babur da Adaidaita Sahu. Ba a neman makulli sai ranar Juma'a, ko biki, ko idan rashin lafiya ta taso da dare.

Mafi yawan masu irin waɗannan motoci sun ɗauka hutawa suke yi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin injin da ba ya yawan tafiya ba ya saurin cinyewa. Sai dai zaman ma yana da tasa ɓarnar, kuma ba ta bayyana sai ranar da ake matuƙar buƙatar motar.

Batir ne ke fara nuna alama. Ko a kashe mota take, kwamfutarta da agogo da na'urar tsaro suna zuƙar wuta kaɗan-kaɗan, zafin rana kuma yana ƙara saurin saukar cajin. Makonni kaɗan sun isa batirin da ya kwana biyu ya kasa tayar da inji. Idan ya daɗe babu caji, farantan cikinsa sukan lalace, ko an sake caja shi ba zai riƙe wuta kamar da ba.

A cikin injin kuwa, bakin mai ne ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. Idan mota ta jima a tsaye, man yakan tsiyaye ya taru a ƙasa, ya bar sassan sama da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa daƙiƙun farko bayan tayar da inji mai sanyi suke cikin lokutan da ya fi shan wahala.

A nan ne masu mota da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya. Kowace safiya sai a tayar da ita a tsakar gida na minti biyar, a taka totur sau biyu, a kashe, wai an ɗumama ta. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Duk litar fetur ɗaya da inji ya ƙona tana samar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Yawancinsa yana fita ta salansa, amma wani kaso yana ratsawa ya shiga cikin bakin mai tare da ɗanyen fetur. Abin da ke korar su shi ne man ya yi zafi sosai, kusan digiri 100, kuma minti biyar a tsaye ba ya kai shi can.

Sakamakon haka, man yakan tsinke ya yi dauɗa, ruwa ya kwanta a salansa ya ci ta da tsatsa. Batirin ma ba ya tsira, domin wutar da ya kashe wajen tayar da injin ba lallai ta dawo cikin wannan ɗan lokaci ba. Idan kuma garejin a rufe yake, hayaƙin yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke iya halaka mutum.

Fetur ɗin da ke tanki shi ma ba ya zama yadda aka zuba shi. Bayan 'yan watanni yakan fara lalacewa, ya bar danƙo mai toshe hanyoyin mai. Tankin da ya kusa ƙarewa kuma yana tara raɓa, musamman da damina. Tayoyi suna sacewa, rana ta tsattsaga su, birki ya yi tsatsa, birkin hannu ya maƙale, ɓeraye kuma su mayar da ƙarƙashin bonet ɗaki su gaigaye wayoyi.

Maganin bai kai tsadar cutar ba. Maimakon ɗumamawar kullum, ya fi alfanu a fitar da motar kan titi sau ɗaya a mako, ko aƙalla duk mako biyu, ta yi tafiyar minti 20 zuwa 30 ba tsayawa. A taka birki, giya ta shiga ta fita, a kunna na'urar sanyi na ɗan lokaci. Ƙaramar mota ba za ta sha fiye da lita biyu ko uku a wannan zagaye ba, kuma ana iya haɗa shi da cefane ko ziyarar dangi don kada man ya tafi a banza.

Juyen bakin mai ma kada a jira sai kilomita ta cika. Littattafan kamfanonin mota suna gindaya nisa ko lokaci, yawanci wata shida zuwa shekara, duk wanda ya riga zuwa. Wanda kuma zai yi doguwar tafiya ya bar motar, gara ya cire kan batir, ya ƙara wa tayoyi iska, ya sa musu waigi a maimakon jan birkin hannu, ya ajiye ta a inuwa.

Babu mai zargin magidancin da ya zaɓi buhun shinkafa a kan cika tanki. Amma ya kamata ya yi lissafin gaba ɗaya: kuɗin 'yan litocin zagayen mako a gefe guda, kuɗin sabon batir da tayoyi da ladan bakanike a ɗaya gefen. Wanda ya ga ko wannan zagayen ya fi ƙarfinsa, kuma babu alamar sauƙi nan kusa, gara ya sayar da motar tun tana tashi da makulli ɗaya. Wadda sai an tura, dillalai ne ke yanka mata farashi.