Kyanwa Mai Kwat a Red Dwarf

Malam Edita,

Ku ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan Red Dwarf, wasan barkwancin nan na cikin kumbo da BBC ta fara nunawa a 1988. A labarin, bayan shekara miliyan uku, ɗan Adam ɗaya tak ya rage, Dave Lister, kuma Craig Charles, ɗan Liverpool mai jinin baƙar fata, shi aka ba wa rawar. Ba wanda ya tsaya nuna fatarsa da yatsa. Lister ƙazami ne, malalaci, ga son abinci mai yaji. Wannan kam ya yi mini.

Inda nake ɗan ɗaure fuska shi ne Cat, wanda Danny John-Jules, shi ma baƙar fata, ke fitowa a matsayinsa: jikan kyanwa da ya rikiɗe mutum, ba shi da aiki sai duba madubi, sauya kwat da juyi irin na James Brown. Ɗana yana dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ina tambaya: don me baƙin ne ya samu wautar da ƙwalisar? To amma gaskiya ɗaya ce, Rimmer, Baturen cikinsu, ya fi kowa shan wulaƙanci. Kuma tun farko Craig Charles aka miƙa wa rubutun ya duba ko Cat zai zama cin fuska, daga nan ya nemi a gwada shi a Lister.

Naku,
Mai karatu daga Zariya