Farautar Dilan Amurka: Kariya ko Ɓarna?

Koyote wani naman dawa ne dangin kare da kyarkeci, wanda ake samu a nahiyar Amurka ta Arewa. Sunan ya samo asali ne daga harshen Nahuwatul na ƙasar Meziko. A siffa da ɗabi'a ya yi kama da dila ƙwarai, kuma kamar yadda tatsuniyoyin Hausa suka ba dila sarautar wayo, haka tatsuniyoyin ƙabilun asali na Amurka suka ɗauki koyote a matsayin gwanin dabara. Saboda haka ba laifi a kira shi dilan Amurka.

A da, mazauninsa bai wuce filayen ciyawa da hamadar yammacin nahiyar ba. Amma da aka ƙarar da kyarkeci a mafi yawan sassan ƙasar, aka kuma sare dazuzzuka domin noma, sai ya sami sarari ya bazu. A yau babu jihar Amurka da ba a ganinsa in ban da Hawayi. Hasali ma ya shiga manyan birane irin su Shikago da Los Anjalis, har an kama shi a babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birnin Niyok a 1999 da kuma 2006.

Makiyaya na da hujjar ƙin wannan dabba, domin yana kashe musu 'yan raguna da maruƙa. A kan haka majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a 1931 wadda ta ba gwamnati ikon kashe dabbobi masu ɓarna, kuma har yanzu ma'aikatar gona ta ƙasar na kashe dubun-dubatarsa kowace shekara. A 2012 jihar Yuta ta sanya ladan dala 50 a kan kowane guda da aka kashe. Duk da haka, bayan kusan shekara ɗari ana wannan yaƙi, koyote bai ragu ba. Dalili kuwa shi ne, idan aka rage yawansu a wani yanki, abinci kan yalwata ga waɗanda suka tsira, sai matan da ke haihuwa su ƙaru, 'ya'yan da ke rayuwa su ma su ƙaru, baƙi kuma su kwararo daga maƙwabta. Ke nan, ana ta zuba ruwa a kwando.

Abin tambaya shi ne, ina fata da naman suke zuwa? Fatar da ta fi daraja ita ce ta lokacin sanyi, musamman daga yammacin Kanada, inda gashin ke da kauri da laushi. Akan feɗe ta, a shanya, a kai kasuwar gwanjo, a jeme, sannan a ɗinka ta a bakin hular rigar sanyi. Sai dai a 2021 kamfanin Canada Goose, wanda yake cikin manyan masu sayenta, ya ba da sanarwar daina amfani da ita, kuma farashinta ya faɗi. Naman kuwa, ƙalilan ne ke cinsa. Galibi a daji ake yar da shi. Mafi muni shi ne gasar kisa, inda ake ba da kyauta ga wanda ya fi tara gawa, daga baya a jibge su a rami. Jihar Niyu Meziko ta haramta irin wannan gasa a 2019, wasu jihohi ma sun yi haka.

Farauta sana'a ce mai mutunci matuƙar tana da manufa. Maharbin ƙasar Hausa yakan ci nama ko ya sayar, fata kuma ta tafi wurin majema da dukawa. Makiyayin da ya harbe koyoten da ya addabi garkensa bai yi laifi ba. Amma kisan da ba ya rage ɓarna, ba a ci nama ba, ba a mori fata ba, almubazzaranci ne tsantsa. Ga shi kuma dabbar na rage ɓeraye da zomaye masu cin amfanin gona.

A taƙaice, rigakafi ya fi magani. Shinge mai ƙarfi da karnukan gadi da jakuna da killace tumaki a lokacin haihuwa sun fi kisan kan mai uwa da wabi amfani. Ya kamata malamin gobe ya koya wa ɗalibansa auna kowane aiki da sakamakonsa, domin yawan gawa ba shi ne nasara ba.