Hukuma Ɗaya ta Sufuri a Legas: An Tsara Motoci, An Bar Mutane a Waje

Ƙarin kashi 18 cikin 100 da hukumar sufurin Legas, LAMATA, ta yi wa kuɗin shiga motocin BRT tun ranar 17 ga Fabrairun 2025 bai ba ni mamaki ba. Dizal ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, kowa ya sani. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne amsar da ake jefa wa duk wanda ya buɗe baki ya yi ƙorafi: a yi haƙuri, ai dai akwai tsari, hukuma ɗaya ce ke riƙe da jirgi da bas da kati kamar yadda ake yi a Landan, kuma da za a damƙa mata motocin haya na danfo da keke napep da tashoshi gaba ɗaya da kowa ya huta. Har a cikinmu 'yan Arewa an samu masu ilimin boko da suka ɗauki wannan magana suna yayatawa, suna kira a kwafi tsarin a kai Kano da Kaduna. Ni ban yarda ba, kuma daga Agege nake magana.

Wa aka tambaya kafin a yi ƙarin? Sanarwa aka fitar, ranar da aka tsayar ta zo, na'ura ta fara cirar sabon kuɗi daga katin Cowry. Shi ke nan. A danfo, duk da ashar ɗin kwandasta da kujerar katako mai cin wando, akwai mutum a gabanka. Dattijuwa za ta ce masa saura naira hamsin a kuɗinta, ya yi tsaki, ya ce ta shiga. In ya tsawwala, ka ja baya ka jira ta bayansa. Kati ba ya jin "yi haƙuri". In kuɗinka bai kai ba, sai ka koma layin masu loda kati, motar kuma ta tafi. Ranar da aka haɗa dukan hanyoyin fita daga unguwa a hannun ofishi guda, duk abin da ofishin ya yanke ya zama hukunci, domin ba ta bayansa da za ka jira.

Za a nuna min jirgin Jan Layi, a ce ga shi nan yana tsayawa a ƙofar gidanku. Na gani. Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja ranar 15 ga Oktoba, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, da tasha a Agege. Ya fara da 'yan sawu kaɗan safe da yamma, a kan naira 1,500 daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Wannan jadawalin mai ofis ne, mai ƙaramar jaka a kafaɗa, wanda zai sauka Ikeja ko Yaba ya koma gida bayan la'asar. Mahaucin da ke barin ɗakinsa kafin kiran asalatu don ya isa mayankar Oko-Oba fa? Matar da ke sarin tumatir da attarugu a Mile 12 ta dawo da kwando biyu fa? Mai goro da huhunsa? Waɗannan su ne ke ciyar da birnin, kuma tafiyarsu ta gicciye ce, daga kasuwa zuwa lungu, da kaya, a lokacin da ba na ofis ba. Masu zanen taswira a kwamfuta ba su da layin da ya yi kama da rayuwarsu. Abin da ke kai su inda za su shi ne danfo da ƙananan motocin korope da keke da acaɓa, wato daidai abubuwan da ake kira ƙazantar birni.

Ga kuma abin da ya fi ci min rai. A Legas, duk abin da bai shiga tsarin ba hana shi ake yi. Dokar hanya ta 2012 ta kori acaɓa daga tituna 475. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 aka hana acaɓa da keke a ƙananan hukumomi shida. Ranar 1 ga Yunin 2022 Gwamna Sanwo-Olu ya sake ɗaure dokar a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba kuma aka ƙara Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo. Agege ba ta cikin jerin, amma a dubi taswira: Ikeja ce maƙwabciyarmu, Oshodi da Mushin ne hanyarmu ta shiga gari. Yaro ya tashi da babur ɗin da ya ci bashi ya saya, ko wanda maigida ya ba shi yana biyan balas kullum, ya tsallaka wani layin da ba a zana a ƙasa ba, a kama shi. Babur ɗin kuma ba tara ake ci a mayar masa ba. Tara su ake yi tuli, a kira 'yan jarida, injin ya murƙushe su a gaban kyamara. Jarin gida guda ne ke zama tarkacen ƙarfe a wurin, kuɗin gonar da aka jinginar a Haɗeja ko Gwadabawa.

Kisan da aka yi wa wani matashi a Lekki a watan Mayun 2022, wanda aka ɗora wa wasu 'yan acaɓa, ta'asa ce, kuma duk mai hannu a ciki ya cancanci hukunci mafi tsanani. Amma ba a taɓa hana danfo a ƙananan hukumomi goma don direba ya kashe mutum ba. Kowa ya san su wa suka fi yawa a kan babur a wannan birni, kuma kowa ya san ba su da wanda zai tsaya musu a majalisar jiha da ke Alausa. Masu cewa ai ba LAMATA ce ta sa hannu ba, gwamna ne, su daina raina mana hankali. Gwamna ne ke naɗa shugabannin hukumar, ma'aikatar sufuri tasa ce, jami'an kamen nasa ne. Hannu ɗaya ne, kuma shi ne ake roƙonmu mu ƙara wa ƙarfi.

Abin takaicin, wuri guda da ya fi ko'ina buƙatar a haɗa shi ƙarƙashin doka shi aka ƙyale. A tsaya a ƙarƙashin gadar Pen Cinema da safe a ga yadda agbero ke rataye a ƙofar danfo, da alli ko maka a hannu, yana karɓar na safe, ya yi wa mota alama, wani ya karɓi na lodi, wani na rana, wani na yamma. Duk wannan kuɗi daga aljihun fasinja yake fita. Gwamnati ta ce daga Fabrairun 2022 ta haɗa haraji ya zama naira 800 a rana. A watan Maris ta dakatar da ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshi, sannan ta kafa kwamitin kula da tashoshi ta ɗora masa Musiliu Akinsanya, MC Oluomo, mutumin da shi ne shugaban ƙungiyar a jihar kafin nan. Kafin shekarar ta ƙare, a ƙarshen Oktoba, direbobin haya sun shiga yajin aiki saboda karɓe-karɓen ba su tsaya ba. Gwamnatin da ta iya murƙushe babura dubbai ta kasa cire hannun agbero daga ƙofar mota. Ba ƙarfi ta rasa ba. Agbero yana da amfani ranar zaɓe, ɗan acaɓa daga Jigawa ba shi da shi.

Tun da na ambaci Jigawa, ban manta da watan Agustan 2019 ba, lokacin da aka tare babbar mota a nan yankin Agege ɗauke da mutum 123 da babura 48 daga can, aka baza hotunansu a duniya kamar an kama mayaƙa. Aka bincika ba a samu komai ba, aka sake su. 'Yan ƙasa ne da suka zo ci-rani a cikin ƙasarsu. Mu kuwa a Agege ba jiya muka zo ba. Cinikin goro da shanu da tashar jirgin ƙasa ne suka raya wannan gari, kuma kakanninmu na tsakiyar cinikin tun zamanin da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano, sama da shekara ɗari. A gefen wannan layin muka kafa zango da masallatai da rumfuna. Duk lokacin da za a faɗaɗa layin ko a gina katanga, rumfunan talakawan da ke gefensa ake fara rushewa. Idan za a yanke zare kuwa, sai a aiko wa Sarkin Hausawa katin gayyata, a ba shi kujera a sahu na biyu, a ɗauki hoton rawani.

Maganar Landan kuma ta ishe ni. Hukumar sufurinsu da aka kafa a 2000 tana ƙarƙashin magajin gari da mutanen birnin suka zaɓa, akwai majalisar birni mai titsiye shi, akwai kuma hukuma ta daban da doka ta kafa don karɓar koken fasinja. Masu ambaton Landan katin suka gani, ba su ga wannan ba. A nuna min kujera ɗaya tak a teburin da ake yanke kuɗin mota da hanyoyin bas a Legas wadda ɗan acaɓa, ko mai keke, ko 'yar kasuwar Mile 12 ke zaune a kai. LAMATA tana nan tun 2002. Shekara ashirin da ɗoriya sun isa a ce an sa wannan kujera in da ana so.

'Yan'uwanmu na Kano masu ɗokin kwafa su tuna abin da ya faru a gida. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, a-daidaita-sahu ta cika gari, aka bar hukumar KAROTA da su. A 2021 da 2022 masu a-daidaita-sahun suka ajiye aiki kan kuɗaɗen da ake karɓa, ɗalibai da ma'aikata suka taka a ƙasa. Irin abin da ke faruwa ke nan idan ofishi yana yanke hukunci a kan sana'ar da bai zauna da masu ita ba.

Tun 2024 aka fara maganar raba danfo da korope da titin Lekki zuwa Epe, kuma abin da aka gwada a can zai iso titin Abeokuta da Agege Motor Road. Kafin ya iso, sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, da shugabannin 'yan acaɓa da 'yan keke, su je Alausa tare, da takarda ɗaya. Su nemi a daina murƙushe babura, a yi wa masu su rajista a ware musu titunan cikin unguwa, a samar da motocin da ke ɗaukar mutum da kayansa, kuma kada a sake ƙara kobo a kan kati sai an kira taron jama'a a cikin Agege, da Yarabanci da Hausa. In ba a amsa ba, kada su sake karɓar katin gayyatar yanke zare.