Raddi Ga Masu Yabon Faifan Absolute Elsewhere

A cikin watan Oktoba na 2024, ƙungiyar makaɗa ta Blood Incantation, daga birnin Denba na Amurka, ta fitar da faifanta mai suna Absolute Elsewhere. Nan da nan masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka suka shiga kambama shi. Wannan maƙala raddi ce gare su, domin akwai abin da suka kau da kai daga gare shi, alhali mu 'yan Afirka shi ya fi shafa.

Ga wanda bai san irin kiɗan ba, death metal reshe ne na kiɗan jita mai tsananin ƙara, wanda ya kunno kai a shekarun 1980, musamman a jihar Fulorida. Mawaƙinsa ba rerawa yake yi ba, gurnani yake yi daga maƙoshi, makaɗin ganga kuwa hannu da ƙafa yake saki, kamar ƙanƙara a kan rufin kwano.

Ta fuskar gwaninta, babu mai ja da wannan faifai. Waƙoƙi biyu ne kacal, kowace ta kai minti 20, kowace kuma an kasa ta gida uku. A ɗakin ɗaukar murya na Hansa da ke Balin aka naɗe shi, kuma duk da hargowar, kunne na iya rarrabe kowane abin kiɗa da ɗan'uwansa. Makaɗin gangar, Isaac Faulk, ya san lokacin da zai saki hannu da lokacin da zai lafa, abin da da yawa cikin tsaransa ba su sani ba. Inda Thorsten Quaeschning na ƙungiyar Tangerine Dream ya shigo da amon na'ura mai sanyi a tsakiyar waƙar farko, nan ne faifan ya fi daɗi. A waƙa ta biyu ne ɗinkin ya fara nunawa: akwai wurin da kwaikwayon Pink Floyd ya yi yawa, har mai sauraro ya rasa ko girmamawa ce ko aron riga.

To amma wannan ƙaramin aibi ne. Babban aibin yana cikin sunan faifan. An aro shi ne daga wata tsohuwar ƙungiya wadda ta gina faifanta na 1976 a kan littattafan Erich von Däniken, mutumin da tun 1968 ya yaɗa ra'ayin cewa wasu halittu daga sararin samaniya ne suka sa hannu a manyan gine-ginen mutanen da, ciki har da dalar Masar. Kada mai karatu ya ce tsautsayi ne. A faifansu na 2019 akwai waƙa mai suna "The Giza Power Plant", wato dalar Giza a matsayin tashar wutar lantarki.

Masu yabon za su ce ai almara ce, ado ne kawai na waƙa. Na ji. Sai dai wannan almara tana da dangi. Haka Turawan mulkin mallaka suka daɗe suna musun cewa baƙar fata ne suka gina ganuwar duwatsun Zimbabuwe, suka jingina ta ga Finikiyawa. Da Finikiyawa da baƙin sama duk aiki ɗaya suke yi: a raba mai gini da gininsa. Ban ce makaɗan nan da wannan nufi suka tashi ba. Abin da na ce shi ne sun ɗauki kayan ado ba su tambayi daga gidan wa aka kwaso shi ba, masu sharhi kuma suka taya su shiru.

Alhali kuwa maginan dalar ba ɓoyayyu ba ne. An tono unguwar da ma'aikatan suka zauna a Giza, da wuraren gasa burodinsu, da kaburburansu. A 2013 aka gano rubuce-rubucen wani shugaban ma'aikata mai suna Merer a Wadi al-Jarf, a gaɓar Bahar Maliya, inda ya lissafa yadda shi da mutanensa suke jigilar farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza a zamanin Fir'auna Khufu, kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Rana-rana ya rubuta, har da inda suka kwana.