Masu Cigiyar Asali

Jama'a, ran nan a kasuwar Jega na tuna da bayin da aka sayar a cikinta zamanin da. Akwai Hausawan da bauta ta kai har Bahiya, ƙasar Barazil. A 1851 wani Bafaranshe, Castelnau, ya buga labarin da ya ji daga bakinsu, suna ambaton Kano da Katsina da Zazzau. Yau jikokinsu na begen gida, amma ba su san ƙofar da za su yi sallama ba. Mu nan Liba tsofaffinmu na da rai. Malamai, ku tambaye su asalinmu, ku rubuta tun ba su ƙaura ba, don mai cigiya ya sami amsa. Wassalam.